Hannun da Ke Riƙe Kai

Kafin likita ya shigo, ita ta riga ta zagaye ɗakin masu ciwon wuya da baya. Gado-gado take bi, ta miƙa wa kowa yatsu biyu, ta ce, "Matse." Daga nan ta duba igiyar da ke jan kan majinyaci, da ƙarfen nauyi da ke rataye bayan gadon. Shekara talatin da ɗaya ke nan wannan nas tana haka. Inna Sannu-sannu ake ce mata, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ni ta dalilin yayana na san ta. Magini ne, ya faɗo daga saman gini, ƙashin wuyansa ya goce. Mu kuwa likitocin gida muka ce targaɗe ne, muka yi ta shafa masa man zafi har mako biyar. Sai da cokali ya fara suɓuce masa muka kai shi asibiti. Likita ya ce ƙashin ya soma kamewa a karkace, yana danne laka. In ya ƙara dannewa, hannu da ƙafa sun tafi ke nan. Za a ja wuyan da nauyi kafin tiyata.

Rana ta uku tausayi ya rufe mini ido. Na ɗaga ƙarfen nan wai Yaya ya huta. Sai na ji hannun Inna a kan nawa.

"Kada ki saki, 'yata. Tare za mu sauke, sannu-sannu."

Da ƙarfen ya koma, ta ce, "Tausayin nan naki ya fi faɗuwar haɗari." Ta bar ni na gama kukana, sannan ta koya mini yadda ake ba shi ruwa a kwance.

Ranar tiyata, likita ya buɗe ta gaba ya kwance ƙashin, saura a kifa Yaya a shiga ta baya a ɗaure ƙashin. A juyin nan, babu abin da ke riƙe da wuyan. Mutum shida ke juyawa, amma likitan da bakinsa ya ce ba mai motsi sai Inna ta ƙirga ta ce "uku", domin kan yana tafin hannunta. Har yau in na tuna, tsigar jikina na tashi.

Ke ce, Inna, wadda rai ke wucewa ta hannunki, ba a ma tambayi sunanki ba. Mun gode, Allah ya saka. Ku masu tasowa, ku kalli hannun nan tun bai bar ɗakin ba: sannu ba ta hana zuwa.

Jiya Yaya ya je yi mata sallama da ƙafarsa. Ta miƙa yatsu biyu, ta ce, "Matse."

Ya matse.

"Kai, sake ni," in ji ta, idonta cike da hawaye. "Za ka karya tsohuwa!"