Karkandar da na zana ban taɓa ganinta ba

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun saba'in, ina koyon fentin motoci a wani gareji da ke Jos Jarawa. Na ce koyon fenti ne don kada ku raina ni, amma gaskiya aikina goge bodi da samfefa. Na goge katako har tafin hannuna ya fi na jariri santsi. Ogana shi ke zanen zaki da gaggafa da dawisu a bayan manyan motoci, kuma buroshinsa ko ƙuda bai isa ya sauka a kai ba. Ya sha faɗa min cewa ranar da na ɓata wa wani mota, ranar zan koma gida tallar rake.

Sai wani Alhaji mai jigilar dankalin turawa zuwa kudu ya kawo sabuwar mota mai bodin katako. Ya ce shi ba ya son zaki, kowane direba ya zama zaki. Karkanda yake so, domin laƙabin marigayi mahaifinsa ke nan, mutum ne da in ya sa abu a gaba ba ya kaucewa. Ogana ya amsa da ƙarfinsa. Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi. Har yau ina zargin zazzaɓin nan, don ya zo a kan kari da yawa. Ya aiko min da saƙo cewa Alhaji zai ɗauki motarsa ranar Juma'a, in san yadda zan yi.

Na ruga gidan namun daji. Na ga birai, su ma sun gan ni, amma babu karkanda. Na dawo na tambayi mahaifiyata, ta ce ita dai ƙahonta ta sani a bakin masu magani, kuma in daina tsaya mata a ka tana tuƙa tuwo.

Daga nan na nufi wurin malamin da ya koya min karatu. Ya gyara zama, ya ce sunan nan ba namu ba ne tun asali, daga Larabci ya zo, karkadan, su ma Larabawa daga gabas suka karɓo shi, fatake suka ƙetaro hamada da shi har harshenmu ya lanƙwasa shi ya zama karkanda. Ya ce a littattafai dabba ce mai ƙaho ɗaya tal a tsakiyar goshi, tana soke giwa ta ɗaga ta sama. Na tambaye shi ko ya taɓa ganinta. Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Da yamma na haura Anguwan Rukuba wurin abokina, ɗan mishan mai son nuna boko. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce Turawa rainosaros suke ce mata, kalmar Girkawa ce, hanci da ƙaho aka haɗa, don haka ƙahon a kan hanci yake. Hoton fa? Ya ce yana cikin wani littafi da ƙanwarsa ta tafi da shi makarantar kwana. Abin da ya iya tunawa kawai shi ne jikinta kamar an yi mata sulke da kwanon rufi.

To, malamina ya ce goshi, abokina ya ce hanci, ni kuma ba mai son ɓata wa mutane rai ba ne. Na dasa mata ƙaho ɗaya a goshi, ɗaya a hanci. Na ba ta jikin dorina, ƙafafun giwa, idanu jajaye irin na ogana in an zubar masa da fenti. Makanikan garejin suka bar aiki suka zo kallo. Ɗaya ya ce saniya ce ta haɗiye tankin ruwa.

Ranar Juma'a bayan masallaci Alhaji ya iso, ga ogana a bayansa lulluɓe da bargo. Na fara tunanin inda ake sarin rake mai zaƙi. Alhaji ya tsaya a bayan motar ya ƙura wa zanen ido. Can ya juyo.

"Yaro, ka taɓa ganin karkanda?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ni ma haka. Amma wallahi Baba haka yake kallon mutum."

Ya sa gefen rawaninsa ya share ido. Ogana kuwa bai ko kalli ƙahonnin ba. Ya matsa dab da katakon yana bin layi da yatsa, yana neman inda fenti ya zuba ko hannu ya yi rawa. Da ya gama sai ya ce min gobe akwai motar da za a yi wa dawisu, in zo da wuri, kuma in wanke buroshi da kyau tunda yanzu ni zan riƙa amfani da shi.

Motar nan ta yi shekaru tana bin hanyar Kuru, ƴan kamasho na kiranta Karkanda tun daga nesa. Yara da yawa a jikinta suka fara jin kalmar karkanda, Allah ya yafe min abin da na cusa musu a kai. Sai da na yi aure na haihu kafin na ga ta gaskiya a talabijin, wata baiwar Allah mai ƙananan idanu tana cin ganye abinta. Na ce wa iyalina tawa ta fi kwarjini.

Yanzu in matashi ya zo min yana cewa ba zai iya aiki ba don bai taɓa ganin irinsa ba, ba na yi masa wa'azi. Nakan miƙa masa buroshi in koma gefe in ce jikina ba daɗi. Yawancinsu, kafin in warke, sun gama.