Tsoho Mai Lalo

Ran kasuwar Batsari, Sagiru na tsaye yana hararar wani tsoho da bai taɓa gani ba. Hularsa ta koɗe, ƙafarsa duk faso, amma jakinsa har sheƙi yake. Yana kwance mangala a hankali kamar mai buɗe lefe: ga maiwa, ga gujiya, ga wake kala-kala, sai ƙullin lalo da karkashi da busasshiyar yakuwa. Daga gani gonarsa irin ta da ce, inda kowane tsiro ke zaune lafiya ƙarƙashin gawo, ba a korar kowa.

Abin ya tsaya wa Sagiru a rai. Shi masara zalla ya shuka, ya bi ta da feshi har ko tafasa ba ta tsira ba. Yau matarsa Hansatu ta rantse ba tuwo sai ya kawo ganyen miya. Ƙato da gona guda, ya zo sayen abin da ke fitowa da kansa!

Ya matsa yana yaƙe. "Baba, ciyawar nan nawa?"

Tsoho ya dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, a gonarka ce ciyawa. A nan sunanta miya."