Kofi na Uku a Sri Petaling

Daga Wangsa Maju

Ina idar da sallar asuba na kulle ɗakina na fito. Gari bai waye ba, don a Kuala Lumpur rana ba ta gaggawar fitowa. Ku da ke gida za ku yi dariya in na kira wannan tafiya, tunda ko garin ban bari ba. To ni dai tun da na zo karatu ƙasar nan ban yi wadda ta gajiyar da ni kamarta ba.

Gaisuwar mutuwa za ni. Abokai biyu gare ni a duk faɗin birnin nan: Dilshad, Bakurde daga arewacin Iraƙi, da Murad, Baturke. Sashenmu ɗaya a jami'a. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci mukan zauna a wani shagon mamak, irin gidajen abincin Indiyawa Musulmi, mu ci shinkafa mu yi gulmar malamanmu. Sauran kwanakin mako kuwa daga ni sai fanka.

Wata Juma'a labari ya zo cewa jiragen Turkiyya sun sake tsallaka iyaka sun yi ruwan wuta kan 'yan awaren Kurdawa da ke ɓuya a duwatsun Iraƙi. Murad ya ce daidai ne. Ni kuma na goya masa baya, don garinmu a bakin iyaka yake. 'Yan bindiga su shigo su kashe mutane, su kora shanu, su tsallaka, sojojinmu su ja birki suna kallon ƙurarsu. Na ce in da ni ne, sai a bi su har inda suke kwana. Dilshad ya ajiye cokali, ya biya wa kowa abinci, ya tafi. Bai sake zuwa ba. Sai ana gobe zan yi wannan tafiya na ji cewa kawunsa ya rasu a irin wannan harin, kuma shi da yamma zai hau jirgi zuwa gida.

Ina hanyar tasha matata Hajara ta kira.

"Baban Amira, wai da Baturken za ka? Ka tambayi mai makokin kuwa?"

"Haba Hajara, ana neman izinin ta'aziyya? Ko wanda kuka yi shari'a da shi ya zo gaisuwa, ai tabarma za ka shimfiɗa masa."

"A garinku ba," in ji ta. "Allah dai ya kiyaye hanya."

Na ji haushinta, don ni na riga na tsara komai a raina. Su gaisa, a shafa fatiha, gabar ta mutu, teburinmu na Juma'a ya dawo.

Masjid Jamek

Ƙarfe shida da 'yan mintoci na shiga jirgin ƙasan cikin gari, LRT. Mu kaɗan ne, kowa ya dulmuya a wayarsa, sanyin na'ura kamar a firji. Bayan tashar Damai jirgin ya nutse ƙarƙashin ƙasa, na yi ta kallon fuskata a gilashi har Masjid Jamek.

Murad na jirana a bakin tasha, ya rungume wata roba. Ya ce alewa ce da ake tuƙawa da fulawa da man shanu in an yi rasuwa a wajensu, shi ya tuƙa da hannunsa. Na ji sanyi a raina, na ce ashe aikin ma ya kusa ƙarewa.

Muka taka zuwa shagonmu a Jalan Masjid India don mu karya. Roti biyu, irin gurasarsu, da shayin madara biyu, bai kai ringgit goma ba. Mai shagon ya goge teburi, ya dubi kujerar da ba kowa.

"Boss, ina na ukunku? Ya daɗe bai zo makan ba, lah."

Makan shi ne cin abinci a yarensu. Na ce ba ya jin daɗi. Murad ya sunkuyar da kai.

A layin Sri Petaling

Muka canza jirgi. Gari ya waye, ma'aikata sun cika, mu a tsaye. Wajen Chan Sow Lin Murad ya kira sunana, ya fara magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗan'uwa Isa, ɗan gwaggona yana aikin soja na dole a wani sansani a kan dutse. Watanni kaɗan suka rage masa ya dawo. Daga tsallaken iyaka 'yan awaren suka zo suka kashe shi, can suka koma. Gwamnatin can ba ta iya kaiwa wurin, ko ba ta so. To mu zauna mu jira su dawo?"

Na ce, "Ni ka san ra'ayina. Amma yau ba ranar wannan ba ce. Ka ce wa Dilshad Allah ya jiƙan kawunsa, shi ke nan."

"In ya tambaye ni fa?"

"Wa ke tambayar siyasa a wurin makoki?"

Muka wuce Sungai Besi, muka wuce babban filin wasa na Bukit Jalil, Murad na riƙe da robar nan kamar za a ƙwace.

Hawa na tara

Daga tashar Sri Petaling muka taka kamar minti goma zuwa benen su Dilshad. Mai gadi ya karɓi katina na makaranta ya ɗaga sanda. Na waiwaya, sai na ga Murad ya zauna a bencin jiran bas da ke tsallaken titi.

"Taso mana!"

"Ba zan iya ba. In na shiga na yi shiru, zai ɗauka na yarda ƙasata ta yi laifi. In na yi magana, na ci zarafin mamaci. Kai masa wannan."

Raina ya ɓaci. Na ce na taso shi tun duhu ne don ya zo ya yi gadin benci? Ya miƙo robar kawai. Na fizga na hau ni kaɗai.

Ku da kuka san zaman makoki a gida, da rumfa da tabarmi da butoci, mutane na shiga suna fita, ku ji na nan. Mutum ɗaya ne a falo, da akwatuna biyu. Dilshad ya rame. Ya rungume ni, muka zauna a ƙasa, na yi addu'a mai tsawo muka shafa. Na tambaye shi ya haƙuri. Ya ce ni ne na farko da ya tako.

Ya ɗora ruwan shayi, ya ce yana ba ni baya, "Har yanzu kana kan bakanka?"

Ashe ana tambayar siyasa a wurin makoki. Na ce, "Wallahi in na tuna garinmu, har yanzu ina so a bi su."

"Kawuna zuma yake kiwo," in ji shi. "Masu bindigar nan ba ya son ganinsu. Suna saukowa su ce a ba su burodi, wa ya isa ya hana? Suna tafiya, jirgi ya zo. A garinku in sun ce a ba su abinci, hanawa kuke yi?"

Ba ma hanawa. Na san mutanen ƙauyukanmu da ke auna musu gero don su kwana da rai, na kuma san abin da sojoji ke kiransu. Sai na tura masa robar.

Yana buɗewa ya gane. "Ba Bahaushe ya tuƙa wannan ba. Yana ina?"

Na ce yana ƙasa. Ya je taga ya daɗe a tsaye. Sannan ya dawo ya jera 'yan ƙananan kofunan gilashi uku, ya cika su.

"Ba zan ce ya hau ba. Amma ba a zuwa ƙofarmu a koma ba a sha shayi ba. Kai masa."

Na ɗauka cike da murna. Lif ɗin ya yi ta tsayawa hawa-hawa, kofin na ƙona mini yatsu. Na wuce mai gadi, na tsallaka titi. Benci ba kowa. Na kira wayarsa, a kashe.

Na tsaya a rana da shayi a hannu. Na kasa mayar wa mai makoki da kofi cike. Na kafa kai na shanye, na koma sama na ajiye shi a tire.

Dilshad ya dubi kofin, ya dube ni.

"Na gan ka ta taga," ya ce. "Sukarin ya yi?"

Na ce ya yi. Ya ɗebi alewar cokali ɗaya ya ci, ya rufe sauran ya ce in tafi da ita, ba a shiga jirgi da irinta.

Komawa

Bayan azahar na taya shi sauko da akwatuna, tasi ta ɗauke shi zuwa filin jirgi. Ban tambaye shi ko zai dawo ba, shi ma bai faɗa ba. Na karɓi katina wurin mai gadi, na bi hanyar da na zo. A Masjid Jamek ruwan sama ya kece, na canza jirgi ban leƙa shagonmu ba.

La'asar sakaliya na buɗe ɗakina a Wangsa Maju. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Hajara da ba ta ce ai ta faɗa mini ba. Allah ya jiƙan mai zuma, ya jiƙan yaron sansani, ya jiƙan namu na bakin iyaka. Alewar tana firji. Ran Juma'a na je shagon, mai shi ya goge teburi ya janye kujeru biyu ya kai wa wasu.