Takardun Shaida Ashirin da Uku, Suna Ɗaya

Shekara goma sha ɗaya Malam Kar-a-taɓa ya yi yana koya wa sababbin shiga rubuta manhaja, a wata cibiya da ke wani ɗaki saman shagon gyaran fanka, mai kwamfuta tara da taga ɗaya. Da can buga takardu yake yi a bakin kotu. Da kansa ya koyi aikin, daga wani littafi da bangonsa ya cire.

Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, saboda wa'azinsa bai wuce ɗaya ba: kada a ajiye bayani a ma'ajin gama-gari, wanda kowane sashe na manhaja, daga kowane fayil, zai iya buɗewa ya canja abin da ke ciki.

"Randar tsakar gida ce," in ji shi. "Kowa na tsoma moɗa. Ranar da ruwa ya gurɓace, hannun wa za ka kama?"

Wadda ta fi shan faɗa a wannan shekarar wata mai kyamis ce, uwar 'ya'ya huɗu, da ta zo don ta rubuta abin da zai riƙa tuna mata ranar lalacewar magani. Sau uku yana mayar mata da aikinta.

"Malam, ai yana aiki."

"Hajiya, mota marar birki ma tana tafiya."

Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, manhajar da ke buga takardun shaidar cibiyar shi ya rubuta ta tun yana ɗan koyo. Fayil huɗu ne, duk suna ɗibar sunan ɗalibi daga ma'aji guda. Ana jibi bikin yaye ɗalibai, shugaban cibiya ya ce a haɗa da jerin sunaye. Malam ya ƙara fayil na biyar a gurguje. Fayil ɗin ya bi sunayen kaf, ya bar na ƙarshe, sunan mai kyamis, a ma'ajin.

Ranar biki, gaban iyaye da mazaje, shugaba ya buɗe ambulan farko ya kira mai kyamis. Aka tafa. Ya buɗe na biyu, ita ce. Na uku ma ita. A na shida tafi ya mutu, shugaba ya cire tabarau ya dubi Malam, wanda gumi ya riga ya jiƙa masa wuyan riga.

Mai kyamis ce ta hau sama da shi ɗakin kwamfuta. Cikin minti ashirin ta gano layin da ya jawo kuskuren, ta gyara yadda ya koya mata, ta sake buga takardun. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Ragowar takardu ashirin da biyu ta kwashe, tana rubuta wa masu sayen magani yadda za su sha, safe da yamma, a bayansu. Shi kuwa yanzu da tsohuwar manhajar yake buɗe darasi. Ya haska ta a bango, ya girgiza kai, ya ce wani ɗalibinsa ne ya rubuta, Allah ya shirye shi.