Laftof ɗin Shamsu Yana Shagon Nasiru

Gaskiya a yaba ma mutanen da ke aiko ma kwamfuta da afdet, wato sabon gyaran da ke shigo mata ta netwok. Masu kyautata zato ne. Suna can garinsu cikin sanyi, sun haƙiƙance mu nan Kaura wuta ba ta ɗaukewa, netwok ba ya yankewa, kuma babu abin da ke sa mai hankali ya zabura ya bar shagonshi da gudu. Shi ya sa suke rubuto muna a fuskar na'ura, cikin ladabi, wai a yi haƙuri a jira, kada a taɓa komai sai ta gama.

Mutum guda na sani a yankin nan da ke bin bayansu yana gyaran ɓarnar wannan kyakkyawan zato.

Yau da safe labari ya iske ni. Nasiru Injiniya ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina tsaye a kasuwa ina kwance bakin buhun gero, wani direba da ke ɗaukar mani kaya ya dafa ni ya ce, "Lawali, ka ji na mutuminka?" Na zaci tsiya za ya yi mani kamar kullum. Sai ya ce jiya da la'asar 'yan bindiga sun buɗe ma motarsu wuta tsakanin Zurmi da Kaura. Nasiru na gaba kusa da direba. Ya je Zurmi ne ya saka ma kwamfutocin wata makaranta afdet ɗin da ya ɗauko a filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka ma kwamfuta, don netwok ɗin can ba ya iya jan shi.

Har yanzu igiyar buhun nan na cikin aljihuna. Ban san sadda na sa ta ba.

Waɗanda ba su san shi ba, Nasiru mai gyaran kwamfuta ne, shagonshi na layin masu waya a Kaura. Ni dillalin hatsi ne, sana'ata magana. Na ga masu gyara iri-iri, kuma kusan dukkansu magani guda gare su: fomatin. Kwamfuta ta yi nauyi, fomatin. Ta ƙi tashi, fomatin. In da za ka kai masu ita don ƙura ta shiga madanninta, sai sun share maka duk abin da ke ciki, su miƙo maka ita wayam suna murmushi, su ce ta koma sabuwa.

Nasiru ba ya yin haka. Abin da ya sa ake ce mishi mai nawa ke nan. Kuma e, yana da nawa. Na sha gaya mishi a gabanshi.

Ga yadda munka shaƙu.

Ina da ƙane, Shamsu, mai ɗaukar hoto da bidiyon biki a Zurmi. Batirin laftof ɗinshi ya daɗe da mutuwa, sai an tada janareta take aiki. Wata rana da azahar ta fara afdet da kanta, ba wanda ya roƙe ta. Tana tsaka da yi anka ji harbi a bakin gari. Shamsu ya yi abin da kowane mai shago ke yi a Zurmi in ya ji wannan ƙarar: ya kashe jen, ya jawo ƙofa, ya bi sahun mutane.

Ya tsira. Laftof ce ba ta tsira ba. Tun daga ranar, in an kunna ta sai wani ɗan zobe ya yi ta zagaye, ta ce tana mayar da abin da ta canza, ta mutu, ta sake tashi, ta sake faɗin haka. Kamar mai rantsuwa gaban alƙali.

Shamsu ya yi ta cewa za ya kai ta Kaura. Bai kai ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi da damina, Allah ya karɓi abinshi.

Bayan an share makoki ne munka gano wani abu mai ban haushi. Mutumin da ya ɗauki hoton rabin amaren Zurmi da Gurbin Bore, shi ba shi da hoto ko guda a gida. Kullum yana bayan kyamara. Sai bidiyo ɗaya: ranar sunan ɗiyata wani abokinshi ya fizge kyamarar ya juya ta kanshi, yana dariya yana kare fuska da hula. Wannan bidiyon na cikin laftof ɗin da ta ƙi tashi.

Innarmu kuwa yanar ido ta fara rufe mata gani. Na hagu ya riga ya tafi, na dama ne ke ɗan gani. Abin da take cewa kawai, "Lawali, a nuna mani ɗana tun ina iya gani."

Na naɗe laftof cikin darduma na kawo ta Kaura. Wurin Bello mai waya na fara tsayawa, maƙwabcin shagon Nasiru, don shi aikinshi nan take ne. Ko zama ban yi ba ya ce, "Wannan ai fomatin ce, Alhaji. Je ka sha shayi ka dawo."

Nasiru na jin mu ta jikin bango. Ya leƙo ya ce, "Bello, kai ko akuya ta yi tari fomatin za ka yi mata." Ya juyo gare ni. "Mai gero, mi ke ciki?"

Na gaya mishi. Ya karɓe ta da hannu biyu.

Ya zaunar da ni ya yi mani bayani da yaren da na sani. Ya ce afdet kamar sauya rufin rumbu ne: an yaye tsohon, ba a gama ɗora sabon ba, sai masu aikin sunka watse. Hatsin na nan ciki. Ya ce matsala uku ce ta haɗu. Afdet ya tsaya a rabi. Diskin da ke riƙe da kaya ya cika maƙil da bidiyon biki, babu wurin da sabon abu za ya zauna. Sannan ƙaramin batirin agogonta ya mutu, har tana zaton muna wata shekara da ta daɗe da wucewa, kuma masu aiko afdet ba su yarda da na'urar da ba ta san yau ba.

Na ce, "To Injiniya, yaushe?"

Ya ce, "In na kwashe kayan tukuna. Ba ni taɓa afdet sai kayan mutane sun fita. Diskin ga ɗingishi yake, in na matsa mishi ya faɗi, ni da kai ba mu da abin gaya ma Inna."

Na ce, "Kai dai ka faɗi gaskiya, nawa ce ta motsa."

Ya ce, "Kai da ke kwana uku kana cinikin buhu guda?"

Haka muke da shi.

Ina zaune ina tuna ƙananan abubuwa. Sadda anka rufe netwok a jihar nan, kowa ya zama kurma, shi ne ke shiga mota ya tsallaka wata jiha ya ɗauko afdet da sauran abin da aikinshi ke bukata. Kafin ya tafi tsofaffi kan taru a ƙofar shagon, ya ɗauki muryarsu a wayarshi, in ya isa inda akwai sabis ya tura ma 'ya'yansu da ke kudu, ya dawo masu da amsa. Ba wanda ya sa shi.

Ya ga sirrin mutane da yawa a cikin na'urorinsu. Ni da nake rayuwa da jin labari na sha zungurar shi. Ko sau ɗaya bai ba ni na goro ba.

Yana magana da kwamfuta kamar mai lallashin jaki. "Haba Hajiya, ɗan ƙara kaɗan." In ta kai inda ta saba maƙalewa sai ya ɗauke kai, wai kada ya sa mata ido.

Shayinshi sukari ne da ɗan ruwa. Na ce mishi shi za ya kashe shi. Ashe ba shi ba ne.

Ganina da shi na ƙarshe, na biyo ne daga kasuwar Shinkafi na tsaya shagon. Na iske ya ciro diskin ya jona shi da tashi kwamfutar ta sola, yana kwasar kaya a hankali. Ya nuna mani yadda Shamsu ya sa ma folda suna: "sabo", "sabo biyu", "sabo na gaske", "kada a taɓa". Munka yi dariya har na ji ƙwalla. Ya ce sai ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, don bai san inda bidiyon sunan yake ba. Ya ce ya kalli auren mutanen Zurmi har ya fara gane dangin amarya da na ango.

Da zan tafi ya rako ni bakin titi, ya ce, "Ka ce ma Inna ta riƙe idon nan da kyau, muna tahe."

Shekaranjiya ya turo mani saƙon murya. Na saurare shi yau ya fi a ƙirga. Ga abin da ya ce: "Mai gero, na ga Shamsu. Yana dariya, hularshi ta faɗi. Afdet ma ya shiga, Hajiya ta tashi. Zan leƙa Zurmi gobe, in na dawo ka zo ka ɗauka. Kada ka gaya ma Inna tukuna, mu ba ta mamaki."

Ban gaya mata ba.

Ɗazu munka dawo daga maƙabarta. Na ga jikinshi kafin a rufe, kuma ba zan rubuta abin da na gani ba. Ya bar mata da 'ya'ya ƙanana. 'Yan'uwanshi sun zo daga Sakajiki, manoma ne, ba ruwansu da kwamfuta. Na bi ta layin masu waya, shagon na kulle da kwaɗo, makullin na wurin mai ɗakinshi da ta shiga takaba yau.

A cikin shagon akwai laftof jibge a kan tebur, baƙaƙe, duk kamarsu ɗaya. Nasiru ba ya rubuta suna a jikinsu, da ido ya san ta kowa. Ta Shamsu ma ya canza mata murfi don tsohon ya tsage, kuma ban ga sabon ba. Diskin da ya juye kayan Shamsu a ciki kuwa nashi ne, gadon marayu ne yanzu.

A wurin zaman gaisuwa, muna kan tabarma, na ji Bello mai waya yana ce ma yayan marigayi ƙasa-ƙasa, "Kayan mutane da ke ciki kada ku damu, Baba. In an buɗe a miƙo mani, in yi masu fomatin tsaf, mai ita ya zo ya ɗauka." Da zuciya ɗaya ya faɗa. Taimako yake nufi. Dattijon ya ce Allah ya yi mishi albarka.

Na buɗe baki, na duba inda nake, na rufe.

Yanzu Inna ta kira ni, ta ji labarin harin a bakin maƙwabta. Ta ce, "Allah ya jiƙan bayin Allah. Yaron nan mai gyara fa, ya ce mi?" Ba ta san yana cikinsu ba. Na ce mata netwok na yankewa, zan sake kira.

Allah ya jiƙan Nasiru. Allah ya gafarta mishi, ya karɓi shahadarshi, ya yalwata mishi kabari. Yadda ya tsare amanar mutane, Allah ya tsare mishi iyalinshi. Allah ya jiƙan waɗanda sunka rasu tare da shi a motar nan, da ƙanena Shamsu, ya kawo muna ƙarshen wanga bala'i na hanya.

Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, don Allah ya yi mishi addu'a. Wanda ya taɓa kai mishi na'ura ya karɓe ta da kayanshi a ciki, shi kam ya san dalili.

Sannan ku malamai da dattawan da ke bin shafin nan, ku taimake ni da fatawa. Idon tsohuwa na rufewa, Bello na da saurin aiki. A rana ta nawa ne ya halatta mutum ya yi sallama a ƙofar mai takaba, ya ce mata ya zo aron makullin shago?