Sawun Takalmina a Gonar Albasa

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman da na yi a Najeriya waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma safiyar da aka ɗaga kwano aka nuna mini sawun takalmina a gonar wani, wannan kam tana nan a raina har in koma ga Allah.

Ni mutumin Gana ne, haifaffen zangon Kumasi. Gyaran injin ban ruwa na koya, kuma wani mai fataucin albasa ne ya ba ni labarin cewa a Illela injuna sun fi ƙarfin masu gyara. Ban yi dogon tunani ba na tattara kayan aikina. Ranar da zan taho, yayana ya ja ni gefe ya yi mini huɗuba. Ya ce a ƙasar mutane kada in yarda in yi suna, kada in kai ƙara ko da ni ke da gaskiya, in an taka ni in riga mai takawar cewa sannu. Na riƙe maganar nan gam, har fiye da yadda shi kansa ya nufa.

Na kama ɗaki a wata unguwa da ke bayan kasuwa, kuma aiki ya karɓe ni. Da rani manoman albasa na wajen Tozai da Garu ba su da abin da ya fi injin nan daraja, in ya tsaya rayuwa ta tsaya. Kullum da safe ɗan kabu-kabu zai kai ni fadama, in wuni cikin laka da baƙin mai. Hausata tana ba su dariya, ni ma tasu tana ba ni, sai dai ni a ciki nake yin tawa. Ba wanda ya damu da sunana, Ɗan Gana kowa ke cewa. Ina da wani takalmin aiki da na taho da shi daga gida, mai hancin ƙarfe, ƙasansa da manyan haƙora. A wurin da kowa ke yawo da silifas ko takalmin roba, sawuna ba ya ɓuya. Manoma har tsokanata suke yi, wai ko ba su gan ni ba sun san likitan inji ya ratsa.

Wata ranar kasuwa na sa silifas na fita sayen kayan gyara. Unguwa ta yi tsit, kowa ya tafi cin kasuwa. Da na dawo bayan azahar na tarar an ɓalle ƙarfen da kwaɗo ke maƙale a jiki, ƙofa a sake. An ɗauke rediyona, da bargo, da 'yar fitila mai caji, da takalmin nan. Na tsaya a tsakiyar ɗakin ina dube-dube. Ba kayan ne suka fi damuna ba. Abin da ya tsaya mini shi ne wani ya san lokacin fitata, ya san ni kaɗai ne, ya kuma san ba ni da kowa a garin.

Sai na yi abin da na ɗauka shi ne hankali. Na ja ƙofa na yi shiru, ban gaya wa ko mai gidan hayar ba. Washegari na kira mai walda ya sa wa taga ƙarafa, ya ƙara wa ƙofa sakata, na sayo kwaɗo irin wanda ake sa wa shago. Na ɗinka wata 'yar jaka na zuba fasfo da sauran takarduna, na riƙa ɗaura ta a ƙugu a ƙarƙashin riga, ko wanka zan shiga tana rataye inda nake ganin ta. Barci ya ƙaurace mini. Duk wanda ya gaishe ni da fara'a sai in ce a raina, wannan me yake nema? Na daina zama wurin mai shayi, na daina tsayawa hira bayan salla.

Wanda na fi zargi shi ne maƙwabcina, wani dattijo tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa. Aikinsa ke nan zama a kan tabarma a ƙofar zaurensa, idonsa a kan duk mai wucewa. Na ce ko ba shi ya aiko ba, to ya san wanda ya shiga. Ranar da mai walda ke aiki Baba ya ɗago kai ya ce, "Ɗan Gana, lahiya dai? Na ji ana ta bugun ƙarhe."

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Gyara ne kawai."

Ya dube ni, ya dubi silifas ɗin ƙafata, ya ce, "To, madalla." Ni kuwa na shige ina jin na yi wayo.

Bayan 'yan makonni, wata safiya ina ɗaure jakar kayan aiki, sai ga babura sun tsaya a ƙofata. 'Yan banga ne, da wani manomi da na sha gyara wa inji a wajen Tozai. Na miƙa masa hannu, ya ƙi karɓa. Babban cikinsu ya ce in hau mu je, akwai abin da za a nuna mini. Na ce wane abu? Ya ce in na je na gani. Na ji Baba daga tabarmarsa yana cewa, "Ina za ku da shi?" Aka ja babura aka tafi da ni.

Tun daga nesa na hango taron mutane a bakin gonar manomin nan, wasu da sanduna, wasu da fartanya a kafaɗa. Inda injin yake zama babu komai sai tiyo a yashe da tabon mai a ƙasa. An sace shi. A gefen fangalin albasa, inda ƙasa ke da danshi, an kife wani kwano. Ashe haka suke yi in an yi sata, su rufe sawu don kada a tattake shi kafin mutane su gani. Mai gonar ya durƙusa ya ɗaga kwanon. Ga haƙoran takalmina nan sun fito raɗau.

Ya ce, "Sawun wa ne wanga?"

Na ce, "Takalmina ne, amma sace shi aka yi."

Wani ya yi dariya daga baya. Babban 'yan bangar ya ce, "Anka sace? Yaushe?" Na faɗa masa. Ya ce, "Wa ka hwaɗa ma?" Na ce ba kowa. Ya ce, "Mai unguwa ya sani? Mai gidan haya ya sani? Ko mutum guda?" Tambayar da ya bi da ita ta fi zafi. Ya ce wane ne mai masaukina a garin, wanda zai tsaya ya ce ya san ni? Na yi ta laluben fuska a cikin taron. Duk na san su, na san ciwon injin kowannensu, amma babu wanda na taɓa shiga zaurensa.

Daga nan abin ya fara ɓaci. Wani ya ce ai wanda ya kwance injin ya san aikinsa, ko ƙusa bai lalata ba. Wani ya ce ya ga ɗakina, an yi masa ƙarafa kamar kurkuku, me nake ɓoyewa? Wani matashi ya fizgi rigata, hannunsa ya ci karo da jakar ƙuguna. Aka zaro ta, aka ga fasfo. Ya ɗaga sama ya ce, "Ku duba, shirye yake. Ana juya baya ya ƙetare iyaka sai Konni." Duk abin da na yi don in tsare kaina, a gabana aka riƙa juya shi yana zama shaida a kaina. Na ji wani na cewa a ba ni kashi zan faɗi inda na kai injin. Da'irar ta fara matsewa. Na fara salati a ciki, ina tunanin wa ma zai kai wa mahaifiyata labari.

Sai na ji ƙarar babur. Baba ne a bayan ɗan kabu-kabu, ya ɗora babbar riga ko hula bai daidaita ba. Ya sauko da ƙyar, ya ratsa mutane a hankali yana sallama, har ya zo ya tsaya tsakanina da su. A nan na gane cewa mai gonar ƙanin matarsa ne, don da Yaya ya gaishe shi. Raina ya ƙara ɓaci, na ce shi ke nan, ya zo ya ƙarasa ni.

Baba ya duba sawun, ya juyo ya ce, "Ni ban ga an yi mai sata ba, ba ni rantsuwa bisa abin da ban gani ba. Amma na ga ranar da anka gyara ƙohwa tai, kuma tun rannan ban sake ganin takalmin ga ƙahwa tai ba. Na tambaye shi, yac ce lahiya lau."

Mai gonar ya ce, "To ka ji, Yaya. Shi da bakinsa."

Baba ya ce, "Na ji. Wanga yaro maƙwabcina ne, ni am mai masaukinsa daga yau. Ku ba ni shi. In ya gudu, kun san gidana, ni za ku kamawa. Amma ba mai taɓa shi ina tsaye."

Aka yi ta ka-ce-na-ce. Mai gonar ya ce albasarsa za ta mutu, Baba ya zaɓi bare a kan ɗan'uwa. Baba bai ɗaga murya ba, bai kuma matsa daga inda yake ba. Ina bayansa ina kallon wuyan rigarsa ya jiƙe da gumi, sai na gane shi ma tsoron yake ji. A ƙarshe aka yarda a je a bincika ɗakina a gaban mai unguwa. Aka buɗe, ba a sami komai ba sai tsofaffin kayan gyara. Aka miƙa wa Baba fasfona ya ajiye, aka watse ba don an gamsu ba.

Ina so in ce an kama ɓarawon, amma ba a kama shi ba. Inji ya tafi, takalmi ya tafi. Wasu manoman sun ci gaba da kirana, wasu ba su sake ba ni aiki ba har na bar garin. Rabin albasar mai gonar ta ƙone kafin ya samu aron wani injin, kuma ya ɗauke ƙafa daga gidan Baba. Ko da salla ta zo bai leƙo ba. Na sha jin matar Baba tana magana a cikin gida, murya ƙasa-ƙasa, in na yi sallama sai ta yi shiru. Duk da haka kullum sai an fito mini da tuwo zaure, don Baba ya ce baƙonsa ba ya cin abinci shi kaɗai.

Wata rana bayan la'asar muna zaune a tabarmar nan da na tsana a da, na kasa daurewa. Na ce, "Baba, me ya sa ka tsaya mini? Ka ɓata da surukinka saboda mutumin da ko gaisuwar kirki ba ya yi maka."

Ya ce, "Kai dai bari. Rannan ni ma ban san ko kai ne ba."

Na ɗago na dube shi.

Ya ce, "Ban sani ba. Amma in sunka kashe ka, gaskiya ta hito daga baya, wa za mu ba haƙuri?" Sannan ya ƙara da cewa, "Abin da yab ba ni haushi guda ne. Da ka hwaɗa man ranar da anka shiga ɗakinka, kahin magariba duk unguwa ta san takalmin Ɗan Gana na hannun ɓarawo. Wa zai iya sa shi ya taka gonar mutane? Shirunka ne ya ba shi takalmin, ba ƙohwar da ya ɓalle ba."

A ranar na gaya masa cewa shi na fi zargi. Ya yi dariya har da tari, ya ce ai ya sani, yadda nake wuce shi ina riƙe ƙugu ko makaho ya gane.

Na yi shekaru a Illela bayan wannan, na kuma zauna a wasu garuruwan kafin in koma gida. Har yau ina kulle ƙofata, ban zama sakarai ba. Amma duk inda na sauka, kafin in nemi mai walda sai na nemi dattijon unguwa na durƙusa na faɗi sunana da na garinmu, kuma ko cokali aka ɗauke mini sai maƙwabta sun ji. Abin da na koya shi ne, baƙon da ya ɓoye asararsa don gudun magana ya bar kansa ba shaida. Ranar da aka kewaye ni da sanduna, kwaɗona yana can a ƙofa lafiya lau, bai tsinana mini komai ba. Wanda ya shiga tsakanina da mutuwa shi ne mutumin da na kulle ƙofar domin shi.