Ɗan Wasan da Ya Zo Gwaji Cikin Harami

Ban taɓa mantawa da ranar da aka aike ni Jidda in ɗauko Nafi'u ba. Ni ne mai kula da kayan 'yan wasa a kulob ɗinmu na Makka: riguna, takalma, ƙwallaye. Da yake a unguwar Misfala ta Makka aka haife ni, kakana Bakano ne da ya zo hajji bai koma ba, duk ɗan wasan da ya zo daga ƙasar Hausa ni ne tafintansa. Hausata rabi daga bakin kakata ce, rabi daga littattafan soyayya da alhazai ke kawo min tsaraba. Matata kan ce ko burodi zan saya sai na yi magana kamar mai neman aure.

Nafi'u ɗan wasan gefe ne, mutumin Gusau, ya haura talatin, kuma an taɓa yi masa aiki a gwiwa. A ƙa'idarmu, wanda ya kai waɗannan shekaru ba a ba shi kwantiragi sai koci ya gan shi a fili. Kocinmu, Kabtin Munsif, ɗan Tunisiya, ya ce atisayen bayan Magariba na ranar shi ne gwajin, domin washegari zai tafi da 'yan wasa sansani. In Nafi'u bai zo ba, akwai matashin da ke jiran gurbin.

Jirgi ya makara, bai sauka ba sai bayan Azahar. Ina tsaye da jakar kayan atisaye sai ga mutum ya fito cikin fararen mayafai biyu, da silifa, yana talbiyya a hankali. Fuskarsa na annuri kamar wata daren sha huɗu.

"Nafi'u, harami ka ɗaura?"

"Tun cikin jirgi, Malam Haruna. Ya za a yi in shiga Makka karo na farko haka kawai?"

Kun san mai harami ba ya sa riga ko wando sai ya gama Umara ya yi aski. Ke nan ba gajeren wando, ba safa, ba takalmin ƙwallo. Na kira Kabtin Munsif na faɗa masa. Ya ce, "Ya Harun, Allah Ya karɓa masa. Amma usur ɗina ba ya jiran kowa."

A mota na ɗan gwada shi. Na ce, "Ko ka fara zuwa fili, mu tambayi malamai abin da za a yanka na fansar cire harami?"

Ya yi dariya. "Na yi wa matata Hajara alkawari ba zan taɓa ƙwallo a garin nan ba sai na ga Ɗakin Allah na yi mata addu'a. Kulob bakwai ta bi ni, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. In aikin nan rabona ne, zai jira."

Jama'a, ni da na karanta alkawuran masoya fiye da a ƙirga, ban taɓa jin wanda ya kai wannan daɗi ba. Na share ido na ce wa direba, "Yalla, taka ta!"

Da muka shiga Harami ya ga Ka'aba, sai ƙaton nan da ke razana 'yan baya ya tsaya cak yana kuka kamar jinjiri. Na bar shi ya yi mai isarsa, duk da idona na kan agogo. Cunkoso ya tura mu hawa na sama, inda zagaye ɗaya ya ninka na ƙasa. Ya yi ɗawafi, ya yi sa'ayi, da aka zo wajen koren fitila ya yi sassarfa har na kasa cim masa. Muna gamawa aka kira Magariba.

Bayan sallah na ja shi lungun Misfala wajen Baba Ila wanzami, don na san shagunan bakin Harami layi ne. Ashe na kai kaina. Baba Ila na ganinsa ya ajiye aska.

"La'ilaha illallahu! Ba kai ne kake yanke mutane a talabijin ba? Sai ka sha shayi tukuna."

"Baba, don Allah, fili ake jiranmu," na ce.

"Kai Haruna, tun kana rarrafe kake da gaggawa. Kan baƙon Allah ne, ba kabewa ba."

Haka ya riƙa aski yana tambayar ko har yanzu ana yin ƙosai a bakin tashar Gusau. Da ya gama, ya ƙi karɓar komai, ya ce dai a ci masa ƙwallo ɗaya.

Mun isa fili an gama ɗumama jiki, ana raba 'yan wasa gida biyu. Nafi'u ya sauko daga mota da mayafansa, kansa na sheƙi a ƙarƙashin fitilu. Nan take fili ya kaure da "Umara maƙbula!" A nan in mutum ya yi sabon aski ana ce masa "Na'iman", abokai su ɗan tafa masa ƙeya. Sai suka yi layi biyu, har mai tsaron gida, kowa ya sami rabonsa. Kafin ya sa riga ya zama ɗan gida. Kabtin Munsif kaɗai bai yi murmushi ba. Ya nuna gefen dama ya busa usur.

Farkon wasan bai yi kyau ba. Ƙafafun da suka yini suna tafiya a kan marmara sun yi nauyi, ɗan bayanmu ya riga shi ƙwallo sau biyu. Na kama addu'a a bayan raga. Sai Nafi'u ya daina tsere da shi. Ya karɓi ƙwallo ya tsaya, ya bari saurayin ya taho da ƙarfinsa ya wuce, sannan ya ɗago ta a hankali, ta yi lanƙwasa kamar jinjirin wata ta sauka a goshin ɗan gabanmu. Raga ta girgiza. Ya sake yin irinta da ƙafar hagu.

Da aka tashi, Kabtin ya kira ni. "Tambaye shi me ya ci yau."

"Zamzam da dabino," in ji Nafi'u.

A wajenmu ba a buga sunan ɗan wasa a bayan riga sai an gama magana, don haka da Kabtin ya ce, "Ya Harun, je ka kunna injin buga suna," ban tsaya fassarawa ba, rungume Nafi'u na yi. Shi kuwa wayata ya ara, ya koma gefe, na ji yana cewa, "Hajara, na ga Ɗakin Allah. Na kuma faɗi sunanki."

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a gudu na ƙarewa, gwiwa na gajiya, amma wanda bai saɓa alkawarin da ya ɗauka a gida ba, ba zai saɓa wa abokan wasansa a fili ba. Kuma tun daga ranar, duk wanda za a ɗauko daga Jidda, kafin ya hau jirgi nakan kira shi in tambaya, "Ɗan'uwa, da wane kaya za ka sauka?"